DUKIYAR DAWA: Namun Daji Masu Wuyar Gani da Wuraren Al'ajabi na Nijeriya



Zan soma da tambaya. A cikinku wane ne ya taɓa ganin karkanda da idonsa? Na tabbata babu. To, wane ne ya taɓa ganin raƙumin dawa yana kiwo a dajin ƙasar nan? Watakila a sami dattijo ɗaya ko biyu, su ma sai su ce tun zamanin ƙuruciya ne. Amma dukanmu mun san sunayen waɗannan dabbobi, muna kuma jin su cikin tatsuniya da karin magana. Mutane ba su raɗa wa abin da ba su sani ba suna. Kakanninmu sun zauna tare da su, sun sha ruwa kogi ɗaya da su. Mu kuwa suna kaɗai muka gada.

Abin da na ke so in yi yau shi ne in zaga da ku ƙasar nan tamu, tun daga bakin hamada har zuwa kurmin kudu, in nuna muku waɗansu halittu da waɗansu wurare na ban mamaki waɗanda har yanzu su ke hannunmu. In kun bi ni za ku ga abu guda yana ta maimaita kansa: duk dabbar da aka bari ba mai kula, ƙarewa ta ke yi, wadda kuwa mutanen wurin suka tsaya mata, ko saura kaɗan ta rage, ta kan farfaɗo.

ABIN DA YA RIGA YA KUƁUCE MANA

Baƙin karkanda na yammacin Afirka ya taɓa zama a dazuzzukan Barno da Adamawa. Farauta saboda ƙahonsa ita ta cinye shi. Na ƙarshensa sun maƙale a arewacin Kamaru, aka bi su ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 2011 masana suka sanar wa duniya cewa irinsa ya ƙare ƙaƙaf. Babu kuɗin da za su dawo da shi.

Labarin raƙumin dawa ya ɗan bambanta. Raƙumin dawa na yammacin Afirka, mai fatsi-fatsin jiki, wanda masana suka fara bayyana kamanninsa cikin littattafansu a 1898, kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai aka harbe shi, watau yankin Lakwaja. Ku duba yadda ya taɓa yaɗuwa har can. Yau ba ya zaune a ko'ina cikin Nijeriya. Sauran da suka rage suna maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, a kewayen garin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. A 1996 an ƙirga su aka tarar guda 49 kacal suka rage a duk duniya. Sai hukuma ta hana taɓa su, manoman wurin kuma suka yarda su zauna tare da su, ko da ya ke su kan yi musu ɓarnar wake da mangwaro. Samarin ƙauyuka suka zama 'yan rakiyar baƙi masu zuwa kallo, suna samun abin sa wa a bakin salati. Yawansu ya yi ta ƙaruwa har ya haura 600, a 2018 ma aka ɗebi guda 8 aka mai da su gandun Gadabeji a Jihar Maraɗi, inda suka daɗe da ɓacewa.

Ga dabbobi biyu, ga ƙarshe biyu. Bambancin kuwa ba daga dabbobin ba ne, daga mutane ne. Ku riƙe wannan a zuci, mu kama hanya.

FADAMAR HAƊEJA DA NGURU

Zangonmu na fari shi ne arewa maso gabas, tsakanin Jihar Jigawa da Jihar Yobe. A nan kogin Haɗeja da kogin Jama'are su ke sauka cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan rairayi, sai ruwa ya rasa hanya guda, ya watsu cikin ɗaruruwan rafuka da tafkuna. Mutum zai baro busasshen fili mai ƙaya da ƙura, ba zato sai ya tarar da ruwa iyakar ganinsa, ga shinkafa, ga masunta cikin kwalekwale, ga garken shanu. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamun da duniya ta amince da muhimmancinsu, shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi.

Abin al'ajabin wannan wuri baƙinsa ne. In sanyi ya sauka a ƙasashen Turai, ruwa ya daskare, abinci ya yanke, sai dubban tsuntsaye su taso, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, ruwan kirki na farko da za su tarar kuwa shi ne irin wannan fadama. Agwagin ruwa da sauran tsuntsayen bakin ruwa su kan cika wurin Dagona lokacin hunturu, in bazara ta gabato su juya gida. Ba taswira gare su ba, ba ɗan jagora, amma ba su ɓata. Kada wannan ya zama baƙon abu gare mu, gama shamuwa ma haka ta ke yi: ta kan yi rani a kudancin Afirka, ta dawo mana gab da faɗuwar damina, har manomi ya gan ta ya soma gyaran gona. In wani ya tsinci tsuntsu da ƙaramin zoben ƙarfe a ƙafa, kada ya tsorata. Masu bincike ne suka sa masa don su san inda ya ke zuwa. A kai zoben ga ma'aikatan gandun daji.

Akwai tsuntsu ɗaya da ya kamata a ce ya fi kowane yawa a nan, amma yanzu ganinsa sai an yi sa'a, watau gauraka, mai tukkun zinariya a ka, wanda a ke ɗauka shi ne tsuntsun ƙasar Nijeriya. Gauraka cikin ciyawar fadama ya ke sheƙa. Da aka riƙa kama shi ana kai wa gidajen manya don ado, fadamu kuma suka riƙa bushewa, sai ya janye zuwa Cadi da Kamaru. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamar ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe magudanan ruwa ta zama maɓoyar janbaki mai cinye hatsi. Ashe abin da ya kori gauraka shi ne ya ke damun manomi da masunci.

Kafin mu bar Yobe, ga wani abin mamaki. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, sai ya ci karo da wani katako cikin ƙasa. Da masana suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale sassaƙaƙƙe, tsawonsa ya fi mita 8. Aka auna shekarunsa aka tarar sun kai kimanin 8,000. Babu jirgin ruwan da aka taɓa samu a duk Afirka wanda ya girme shi. Wannan ya nuna mana cewa inda mu ke ganin fari da rairayi yau, dā ruwa ne malala. Ƙasa tana sakewa, kuma ba ta shawara da kowa.

YANKARI DA RUWAN WIKKI

Daga nan sai mu gangaro Jihar Bauci. Gandun dajin Yankari faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Ya zama gandun Tarayya a 1991, sa'an nan aka mai da shi hannun Jihar Bauci a 2006.

A tsakiyarsa akwai maɓuɓɓugar Wikki. Ruwa ne garai-garai mai fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, har mutum yana hango yashin ƙasansa. Ɗuminsa daraja 31 ne a ma'aunin zafi, dare da rana, rani da damina, ko cikin tsananin hunturu ba ya sakewa. Kowace rana ya kan zubo kimanin lita miliyan 21, ya gangara kogin Gaji, wanda shi ne rayuwar dukan namun dajin wurin in rani ya tsananta. Wikki yana da ɗan'uwa a ƙasar Yarbawa, a garin Ikogosi na Jihar Ekiti, inda maɓuɓɓuga mai ɗumi da mai sanyi su ke fitowa kusa da juna, su gangaro su haɗu, har mutum ya iya sa ƙafa ɗaya cikin ɗumi ɗaya cikin sanyi.

A cikin Yankari kuma akwai koguna 59 waɗanda mutanen dā suka fafe da hannu a jikin dutse suka zauna ciki, akwai tsofaffin rijiyoyi fiye da 130 a Dukke, akwai kuma kufan maƙera inda aka narka tama. Watau wannan daji tarihi ne a ajiye, ba mazaunin dabbobi kaɗai ba.

Amma abin da ya fi ɗaukaka sunan Yankari giwa ce. A nan garken giwaye mafi girma da ya rage a ƙasar nan ya ke, su ma kimanin 100 ne ko ɗan fiye. A duk faɗin Nijeriya masana suna ƙiyasta giwayen da suka rage ba su wuce 400 ba. Ku yi lissafi tare da ni. Giwa ta kan ɗauki ciki wata 22, ta haifi ɗa guda, sa'an nan ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake haihuwa. Maharbi kuwa cikin dare ɗaya ya kan kashe abin da sai an shekara ashirin kafin a mai da gurbinsa, duk don haure biyu waɗanda wani zai sassaƙa ya ajiye bisa tebur a wata ƙasa mai nisa.

Ba zan ɓoye muku ba, maƙwabtaka da giwa akwai wuya. Manomin da giwaye suka shiga gonarsa cikin dare, suka tattake wahalarsa ta shekara, ba za a ce masa ya yi murna ba. Kukansa gaskiya ne, wajibi ne kuma a saurare shi. Amma harbi ba shi ne kaɗai magani ba. A ƙasar Kenya an gano giwa tana tsoron ƙudan zuma, sai manoma suka riƙa kewaye gonaki da amya a rataye jikin waya. In giwa ta taɓa wayar, zuma ta tashi, sai ta juya. Manomi ya tsira da hatsinsa, ya kuma sami zumar sayarwa. Hayaƙin barkono ma yana korar ta. Abin da ya fi kome shi ne a gaggauta sanar da ma'aikatan gandu da zarar an ga sawunta.

Zaki kuwa, manyan dawa, halinsa ya fi na giwa tsanani. Wani ƙidaya da aka bayyana a 2014 ya nuna zakokin da suka rage a duk yammacin Afirka kimanin 400 ne, na Nijeriya kuwa ba su kai 50 ba, a Yankari da gandun tafkin Kainji. Zaki yana cikin kirarin sarakunanmu, yana jikin tambarin makarantu da kamfanoni. Abin kunya ne a ce hotonsa ya cika gari, shi kuwa ya ƙare a dawa.

AYU DA DUWATSUN GASHAKA

Mu gangara kogin Binuwai. A cikinsa, da cikin Kwara, da tafkin Pandam na Jihar Filato, akwai wata halitta wadda da yawa sun ji sunanta amma kaɗan suka gan ta, watau ayu. Mutane suna zaton kifi ce, alhali kuwa ba kifi ba ce. Iska ta ke shaƙa kamar mu, dole ta riƙa ɗago hanci bisa ruwa, tana haihuwa, tana shayar da ɗanta nono. Tsawonta ya kan kai mita 3. Ciyawar ruwa ita ce abincinta, ba ta cizo, ba ta faɗa. Wani abin mamaki shi ne, masana sun tabbatar cewa cikin dabbobin tudu giwa tana daga mafi kusancin dangi gare ta. Ayu ta kan yi kimanin shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak. Saboda haka duk wadda aka soka don nama, ko don man ayu da a ke tallarsa a kasuwa da sunan magani, an yi wa kogi asarar da zai daɗe bai mayar ba. Ita ce kuma ke rage ciyawar da ke toshe hanyar jirage da kalar masunta.

Gabas da nan, kan iyakarmu da Kamaru, tsakanin Jihar Taraba da Jihar Adamawa, akwai Gashaka-Gumti, gandun dajin da ya fi kowane girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. A nan dutsen Chappal Waddi ya ke, mai tsawon mita 2,419, babu inda ya fi shi bisa a ƙasar nan. Wanda ya hau can zai ji sanyin da bai taɓa zaton akwai shi a Nijeriya ba, ya ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa. Cikin kurmin wurin akwai babban birin nan da a ke kira cimfanzi, wani iri na musamman wanda ba a samunsa sai a Nijeriya da Kamaru. Wannan biri ya kan karyo tsinke, ya gyara shi, ya zura cikin rami ya zaro tururuwa ko zuma. Kogunan da ke gangarowa daga waɗannan duwatsu, irin su kogin Taraba, su ke ƙara wa Binuwai ruwa. Wanda ya sare kurmin Gashaka, masuncin Ibi da na Makurɗi ya taɓa.

GOGGON BIRIN KUROS RIBA

Yanzu mun iso kurmin kudu maso gabas, inda labarin da ya fi faranta mini rai ya ke. A duwatsun Jihar Kuros Riba da tsallaken iyaka cikin Kamaru akwai wani irin goggon biri, wanda a ke kira gorila, da ba a samunsa a ko'ina a duniya sai nan. Masana sun fara bayyana shi a 1904. Daga baya aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, har waɗansu suka ɗauka ya ƙare a Nijeriya, sai cikin shekarun 1980 aka sake tabbatar yana nan. Dukansu ba su kai 300 ba, kimanin 100 daga ciki suna ɓangarenmu, a dutsen Afi, da duwatsun Mbe, da sashen Okwangwo na gandun Kuros Riba. Cikin manyan birai na Afirka babu wanda ya kai shi ƙaranci.

Duk girmansa da ƙarfinsa, ganye da 'ya'yan itace da ɓawo su ne yawancin abincinsa. Kowane maraice ya kan tanƙwara rassa ya yi sabon gado, ba ya kwana a na jiya. Shekarun farauta sun koya masa gudun mutum, har akwai ma'aikatan da suka shekara suna bin sawunsa ba su taɓa haɗa ido da shi ba, sai dai su ƙirga gadajensa su san yawansa.

Duwatsun Mbe ba gandun gwamnati ba ne, ƙasar ƙauyuka tara ce. Mutanen ƙauyukan nan suka zauna suka yi shawara, suka kafa ƙungiya, suka shata iyaka, suka hana harbi da ɗana tarko a ciki. Daga cikin 'ya'yansu aka ɗauki masu gadi, har da waɗanda dā mafarauta ne, gama su suka fi kowa sanin dajin. A 2020 wata na'urar ɗaukar hoto da aka ɗaure jikin itace ta ɗauko garken goggon biri suna wucewa, ga iyaye mata ɗauke da jarirai a baya. Hotunan suka zaga duniya. Dabba ba ta hayayyafa sai inda hankalinta ya kwanta, saboda haka waɗannan jarirai shaida ce ga mutanen Mbe.

Kusa da nan, a gangaren dutsen Afi wajen Boje, tsattsewar Turai su kan taru su kwana cikin dogayen ciyayi lokacin da sanyi ya kore su daga gida. Yawansu ya kan kai miliyoyi, in sun dawo da magariba sai sama ta yi duhu. Tsuntsun da nauyinsa bai fi giram 20 ba, ya ƙetare teku da hamada ya zo ya kwana a ƙasarmu.

Haka kuma a ƙasar Ibo akwai wani ƙaramin biri mai farin tukku a kunnuwa wanda duk duniya sai a Nijeriya a ke samunsa. An taɓa jin tsoron ya ƙare, sai aka sake ganinsa a 1988. A garin Lagwa na Jihar Imo da garin Akpugoeze na Jihar Enugu birin nan yana yawo cikin gari, gama al'adar kakanni ta hana a kashe shi. Inda aka cinye 'yan'uwansa a sauran wurare, a nan hanin dattawa ya tsare shi.

ƊAN KUNYA DA UNGULU

Saura dabbobi biyu waɗanda ba a cika kula da su ba. Na farko ɗan kunya, wata ƙaramar dabba mai sulke a jiki, wadda in ta ji motsi sai ta dunƙule kamar ƙwallo. Ba ta da haƙori ko ɗaya, da dogon harshe ta ke lasar gara da tururuwa. Dunƙulewar da ke tsare ta daga damisa ita ce ke ba da ita ga mutum, sai a sunkuya a ɗauke ta kawai. Ana fataucin ɓawonta zuwa ƙasashen Asiya da sunan magani, alhali kuwa abin da aka yi ɓawon da shi, shi ne aka yi farcen hannunka da shi. A 2016 ƙasashen duniya suka haramta cinikinta tsakanin ƙasa da ƙasa. Duk da haka, a watan Afrilu na 2019 hukumomin Singafo sun kama kaya sau biyu, ɓawon da ya haura tan 25, dukansu kuwa daga Nijeriya aka yi lodinsu. Dubban dabbobi ke nan, da yawa ma daga maƙwabtan ƙasashe aka kwaso su aka bi da su ta tashoshinmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ciniki ya ɓata mana suna, ribarsa kuwa ba ta maharbin ƙauye ba ce.

Ta biyu ungulu. Dattawa za su tuna lokacin da ba a raba mahauta da ungulu, suna jere bisa rufin kasuwa. Yau yaro zai girma a birni bai ga ko ɗaya ba. Ana kama ta ana sayar da kanta da ƙafafunta a kasuwar magani, guba kuma tana kashe ta. A 2015 aka sa ungulun garuruwanmu cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Wani zai ce ina ruwanmu da ƙazamar tsuntsuwa? To, ku ji abin da ya sami ƙasar Indiya. Cikin shekarun 1990 wani maganin ciwo da a ke ba shanu ya riƙa kashe ungulun da suka ci mushensu, har fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗansu iri suka mutu. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da iyayengiji suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, mutane suka mutu. Cikin ungulu yana narkar da ƙwayoyin cuta masu yawa waɗanda kare da ƙuda su ke yaɗawa. Ma'aikaciyar tsabta ce wadda ba ta karɓar albashi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

DOKA DA HAKKIN KOWA

Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka shiga yarjejeniyar duniya ta kayyade cinikin namun daji, wadda ta fara aiki a 1975. A 1985 aka kafa dokar kare dabbobin da ke gab da ƙarewa, aka kuma ƙara tsananta tararta a 2016. A watan Oktoba na 2023 an ƙone ɓawon ɗan kunya kusan tan 4 a Abuja, a watan Janairu na 2024 kuma aka niƙe hauren giwa tan biyu da rabi, don kowa ya san wannan kaya ba shi da kasuwa a nan. Amma doka a takarda ba ta gadin daji. Kada kuma mu manta Sambisa gandun namun daji ne tun asali. Dajin da aka bari ba mai kula, in dabbobi sun fita, miyagu ne ke shiga.

Saboda haka ina roƙon kowa ya ɗauki nasa kason:

1. Mafarauci ya san dabbobin da doka ta hana, ya bar mace mai ciki da mai goyo, ya daina farauta da wuta da guba.
2. Makiyayi da manomi kada su sa wa mushe guba don kura ko zaki, gama ungulu da karnukan gida su za su fara mutuwa. A kai ƙara ga hukuma.
3. Masunci in ayu ta faɗa cikin kalarsa da rai, ya sake ta.
4. Mai saye ya ƙi sayen haure, da ɓawon ɗan kunya, da kan ungulu, da jaririn biri, da gauraka. In babu mai saye, babu mai kashewa.
5. Sarakuna da dagatai da masu unguwanni su ja kunnen jama'arsu, su kuma raya tsofaffin hane-hanen da suka tsare kurmi da tafki.
6. Malaman makaranta su koya wa yara sunayen dabbobi da tsuntsayen ƙasarsu, su kai su ziyara inda hanya ta ke da lafiya, bayan sun nemi shawarar hukumar gandun.

Jama'a, na fara da tambayarku wanda ya taɓa ganin karkanda, aka rasa mai ɗaga hannu. Nan da shekara hamsin wani zai tsaya gaban jikokinmu ya tambaye su wanda ya taɓa ganin giwa, ko ayu, ko ungulu. Amsar da za su bayar, mu ne mu ke rubuta ta yanzu, a gona da kogi da kasuwa. Manoman Kure sun yi nasu, mutanen Mbe sun yi nasu. Saura mu.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.